Ba a Ba Mu Gawar Nasiru Ba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara. Ya ƙarin haƙurinmu?

Ranar Laraba da hantsi Allah ya karɓi ran ɗanmu Nasiru a nan tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, a kan jirgin ruwan yaƙin da suke gyarawa. Aikinsa duba na'urar da ke watsa burbushin ƙarfe sama, domin makami mai linzami ya bi burbushin ya bar jirgin. Na'urar ce ta tashi yana gabanta.

Hukuma ta riƙe gawar sai an kammala bincike. Kullum na je, sai a ce gobe inshallah. Na gaji, Yaya.

Ku dakata da sadakar uku. Ku yi masa addu'a, a gaida Inna. Har yanzu ban yi wa yarona sutura ba.

Ƙaninka,
Bashir