Shayin Manajan Banki

Kishoreganj, 9 ga watan Maris

Zuwa ga Yaya Mizanur,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya a Malesiya, aikin gonar kwakwar manja bai fi ƙarfinka ba. Allah ya ƙara maka lafiya da kariya. Mu nan kalau muke, sai dai idon Inna, yanar ido ta rufe na dama gaba ɗaya. Likita ya sa ranar aiki ashirin ga wata, ya ce in aka wuce haka ba ruwansa.

Maganar kuɗin aikin ce ta sa na rubuto. Na je banki in ciro kuɗi taka dubu sittin cikin abin da kake aikowa, aka ce dubu biyar kaɗai ake bayarwa a mako. Ka san manaja Tofazzal, shekara takwas bai taɓa ce min zauna ba. Ran nan har da jawo min kujera, yana ce min Yaya, ya sa aka kawo shayi da alewar madara. Nan gabana ya faɗi, domin a garin nan ba a kawo wa mutum zaƙi sai da albishir ko da roƙo, shi kuwa ba shi da albishir. Ya ce bankunan ƙasa lafiyarsu lau, ai na ji a talabijin. Na ce to mai lafiya me ya hana shi miƙo min abina? Sai ya ce in sha shayina kada ya huce.

Jiya na kai awarwaron aurena wurin Gobinda maƙerin zinariya. Yana cikin aunawa sai ga matar manajan. Ko tayi ba ta yi ba, ta saye su duka, ta biya da sababbin kuɗi, takardar bankin na ɗaure a jikinsu. Wallahi raina ya ɓaci, amma na karɓa, don ido ba ya jira.

Saboda haka kada ka ƙara aiko ko taka ɗaya ta wurinsu. In ka kira Inna kada ka tayar da zancen. Ran da aka buɗe mata ido za ta ga hannuna babu komai, a lokacin zan san abin da zan ce mata.

Inna na sa maka albarka. Mijina Anisul da yara su Tuhin suna gaishe ka. Ka gaida Kawu Jalal.

Ƙanwarka,
Dilruba