Inna, An Ce Na Daina Kama Da Ke

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta 'ya ga uwarta, ina roƙon Allah ya sa wannan sallama ta iske ki cikin ni'ima da yalwar makwanci. Mutanen gida duk lafiya. Maigidana Malam yana nan, furfura ta gama cinye gemunsa. Jikarki Safiya, wadda kika bari tana rarrafe, ta shiga jami'a nan kusa da mu a Yelwa. Na san wasu ne za su karanta wannan rubutu, ba ke ba. Babu komai, su karanta. Ni dai da ke nake.

Labari nake so in ba ki, Inna, amma duk lokacin da na ɗauko shi sai in tsinci kaina a zauren gidanmu na Ɗan Iya, ina jin ƙamshin masarki. Don haka ki yi haƙuri in fara daga can.

Kakata ce ta ba ni labarin haihuwata, don ke ba za ki taɓa ba ni ba. Ta ce mata sun cika ɗaki don barka, da aka buɗe zane aka ga jaririya zabiya, fara fat har gashin gira, sai hira ta tsaya. Wasu suka ce ikon Allah, wasu suka tashi ba su ko sha kunu ba. Ni ce 'yar fari, kuma al'adarku ta ce ki kawar da kai daga kaina, idan an yaye ni a miƙa wa kaka. Haka aka shirya. Sai ran nan wata 'yar uwa ta goya ni zuwa kasuwa da rana tsaka, ta dawo da ni wuya da kafaɗu sun yi jawur, washegari suka ɗuri ruwa. Kaka ta ce a ranar kika ajiye kunya a gefe, kika ce a gaban surukanki, "Ni zan riƙe kayana."

Kin riƙe kuwa. Abu ɗaya kawai kika bar wa al'ada, sunana. Har kika koma ga Allah ban taɓa jin sa a bakinki ba. "Ke yarinya" nake, har bayan na haifi nawa 'ya'yan.

Ina tuna safiyar makaranta. Kina gaban tanda, hannu ɗaya yana zuba ƙullu, ɗayan yana duba ni. Riga mai dogon hannu da kika sa tela a kasuwar Wunti ya ɗinka mini daban da ta kowa, safa ko ana zafin bazara, sannan malafa a kan ɗankwali. Na tsani malafar nan, Inna. Yara suna bin bayana suna kirana Baturiyar Ɗan Iya, ga kuma hular manoma a kai. Idan na ɓata rai sai ki ce, "Rana ba ƙawarki ba ce, ki gaishe ta daga nesa." Da yamma ki zaunar da ni a kan tabarma, ki bi wuyana da kunnuwana da bayan hannuwana da man kaɗanya, kina duba ko akwai inda ya yi ja. Idan kin samu, ranar kowa a gidan sai ya ji a jikinsa.

Sai da na girma na gane abin da ya sa kike suya a cikin zaure, hayaƙi yana cika miki ido, alhali sauran masu masa suna bakin titi inda ciniki ya fi. So kike in zauna kusa da ke a inuwa.

Na tuna ranar da kika je makarantarmu. Na dawo ina kuka cewa ba na ganin allo, kuma an tsayar da mu a fili har fuskata ta ɗauki zafi. Washegari kika bar tanda, abin da ba ki taɓa yi ba, kika yafa babban mayafinki muka tafi. Da kika tsaya a ƙofar ofishin hedimasta, hasken ɗakin ma ya ragu. Ban ji abin da kuka tattauna ba. Na dai san daga ranar bencin gaba nawa ne, kuma idan an fita taro a fili ni ina ƙarƙashin darbejiya.

Da damina kuma Baba yakan kwashi ƙannena zuwa gonarsa ta Gubi, a bar ni a gida. Wata shekara na yi ta kuka har na ƙi cin abinci. Ba ki lallashe ni ba. Amma ran Juma'a bayan la'asar sai ga Baba ya samo mota, kika ce in shirya. Muka isa rana ta yi sanyi, masara ta fi ni tsawo, ruwan dam yana ta ƙyalli daga nesa. Kika cire mini malafa da hannunki kika ce in yi gudu. Na yi gudu, Inna, iska tana shiga gashina. Kina zaune a kan kunyar gona kina gasa masara, kina dariyarki mai girgiza jiki duka.

Jikin nan naki! A unguwarmu babu macen da ta kai ki. Idan kika shiga gidan biki mata sukan ce masha Allah, Hajiya ta samu hutu, ke da ba ki taɓa sanin hutu ba. Kina jin daɗin maganar, na sani. A wurinki rama wahala ce, ƙiba kuwa rufin asiri. Ni kuma ga ni siririya kamar sillen kara, kullum kina tura mini ƙarin tuwo kina cewa, "Ci, kada a ce ba na ba ki." Da aka sa ranar aurena da Malam sai kika tashi haiƙan: kunun gyaɗa da safe, fura da nono da rana, masa da miyar taushe har sai na roƙe ki. Wata ƙawarki ta kawo ƙwayoyin sa ƙiba a leda, kika karɓa kika gode, tana fita kika watsa su a murhu. Kin ce abinci dai, abin da kika san asalinsa.

Fatata ba ta taɓa kuɓuce wa idonki ba, amma naki jikin ba ki saurare shi ba, mu ma ba mu san a saurara ba. Gwiwoyinki suka fara ciwo, kika koma sallah a zaune, muka ce girma ne. Kanki yana sarawa, ƙeyarki tana nauyi, ki ce hayaƙi ne. Ki hau 'yar matakalar zaure kina haki, maƙwabta suna ta yaba miki cewa kin ƙara cika. Babu wanda ya taɓa cewa a je a gwada jininki. A lokacin asibiti na wanda ya kwanta ne, ke kuwa ba ki taɓa kwanciya ba.

Sai safiyar nan da ludayi ya faɗi daga hannunki a gaban tanda. Likita ya ce hawan jini ne da ya daɗe a jiki, ya shanye miki ɓarin dama, ya tafi da maganarki.

Watannin da suka biyo baya ba na son tuna su duka. Kika zube, zobba suka yi miki yawa. Masu dubiya da ba su iya baki ba su ce wayyo, Hajiya ta rame, sai in ga kin ja zane da hannun hagu kina rufe damtsenki. Amma akwai rana ɗaya da nake riƙe da ita. Mun fito da ke tsakar gida ki sha iska, ni ina durƙushe ina wanke miki kaya, ban lura inuwa ta janye daga kaina ba. Sai na ji kina wani gurnani, kina buga tabarma. Na taso da gudu na zaci wani abu ne ya same ki. Kika ɗaga hannun nan ɗaya da ya rage miki, kika nuna ni, kika nuna sama, kika nuna gindin bango. Na ja bahon na koma inuwa ina kuka, ke kuma kika lumshe ido kamar wadda ta gama aikinta.

To ga labarin da na zo da shi.

Bayan rasuwarki jikina ya buɗe. Haihuwa, zaman aji wajen aikin koyarwa, ga hannuna ya gaji naki wajen mai. Sai mutane suka fara faɗin abin da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni: wai ina kama da ke. Inna, ba za ki san daɗin da na ji ba. Ƙannena duk an ce wannan hancin Baba, wancan idon Inna, ni kuwa ba a taɓa ganin kowa a fuskata ba, fari kawai ake gani. Rana ɗaya na shiga gidan suna wata tsohuwa ta dafa ƙirji ta ce ta zaci ke ce kika dawo. Na koma gida ina murmushi ni kaɗai a cikin keke. Daga nan duk wanda ya ce in rage jiki sai in ji kamar so yake ya raba ni da ke.

Bara wani ɗan ƙurji ya fito mini a bayan hannun dama, hannun da nake riƙe lema da shi. Ya yi ɓawo, ya faɗi, ya dawo, wani lokaci da jini. Safiya ce ta tsare ni sai da muka je asibiti. Likitar fata ta duba ta ce ba za ta jira ba, a yanke shi a kai gwaji, don irin fatarmu rana tana iya jawo mata ciwon daji. Wajen shirin aikin aka gwada jinina. Ma'aikaciyar ta sake gwadawa, ta dube ni, ta tambaya ko akwai mai hawan jini a gidanmu. Ga shi kuma an ce suga ya fara leƙowa. Na zauna a kan bencin asibitin nan ina lissafi. Shekaruna sun kusa naki na ranar da ludayi ya faɗi.

Sakamakon gwajin ya ɗauki lokaci, kuma ban taɓa yin addu'a irin ta kwanakin ba. Da ya fito aka ce ciwon ne, amma yana farkonsa, an cire shi duka bai yi saiwa ba. Likitar ta ce ta ga zabiyoyi da ba su kai rabin shekaruna ba fatarsu ta gama lalacewa, ta tambaye ni wa ya kula da ni ina ƙarama. Na ce mata Innata ce.

Yanzu kowace safiya, ko da hadari, ina shafa man kare fata daga rana a fuska da wuya da hannuwa, in sake shafawa idan zan tashi daga makaranta. Ina sa safar hannu da baƙin tabarau, 'yan ajina suna dariya a ɓoye, ina ganinsu. Ina shan maganin jinina. An ce in riƙa tafiya a ƙasa, ni kuwa da rana ba ma haɗa hanya, don haka da an idar da sallar asuba Malam yake raka ni mu zaga unguwa, yana gaba da carbinsa, mu dawo kafin gari ya yi haske sosai. Masa sai ran Juma'a, ita ma kaɗan. Wannan ne ya fi yi mini wuya, ba zan ɓoye miki ba.

Jiki ya sauka. Gwiwoyina sun daina ƙara, ina sujada ba tare da dafa bango ba. Amma baki bai bar ni ba. Wasu sun ce ciwon ne yake cina ana ɓoyewa, wasu sun ce Malam ne ya kasa. Tsohuwar nan ta gidan suna ta gan ni a hanya ta ce, ayya, kin daina kama da Hajiya. Ranar ban iya cin abincin rana ba.

Makon jiya sai ga Yafendo Dije, ƙanwarki, ta zo daga ƙauye da ƙwaryar fura, ta ji labari ta zo ta gyara ni. Ta fara faɗa tun daga ƙofa. Na shimfiɗa mata tabarma, na juya zan ɗebo mata ruwa, sai na ji shiru. Da na waiwayo, ta rufe baki da mayafi, hawaye suna zuba. Ta ce, "Wallahi Adda ce, yayata. Haka take tana budurwa, da wannan wuyan, da wannan tafiyar. Ku ba ku san ta siririya ba."

Inna, ashe kin taɓa zama siririya? Ba ki taɓa faɗa mini ba, kuma babu hoto ko ɗaya. Yafendo ta yini tana ba ni labarinki, yadda kike tsere da 'yan maruƙa, yadda kike hawa tsamiya ki girgizo wa yara. Na yi ta kallon hannuwana ina ƙoƙarin hango yarinyar nan. Da za ta tafi ta ɗauki furarta ta ce a ba maƙwabta, ni in ci gaba da abin da likita ya ce, don ba za ta iya binne Addarta sau biyu ba.

Allah ya jiƙan ki, Innata. Allah ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya sanyaya shi kamar yadda kika sanyaya mini duniya. Allah ya musanya miki gajiyar shekarun nan da hutu na gaskiya, ya ba ni lafiya da tsawon rai in ga auren Safiya, ya tara mu a Aljanna Firdausi. Amin.

Ni ce 'yarki ta fari,
Habiba