Jarida ta mallaka mini gidan da nake sa wa tayil

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah a sakaya sunana da na garinmu, ko harafin farko kar a bari. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi kwana biyu ko abinci ba ya wuce mini.

Ni ɗan Najeriya ne, ina Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya ina aikin tayil. Da niyyar wucewa gaba na fito, guzuri ya ƙare a nan, sai Allah ya haɗa ni da wasu 'yan Nijar masu aikin gini, suka riƙe ni kamar ɗan uwa har na iya aiki. Babbanmu wani Badamagare ne da muke kira Shef, shi ke samo mana aiki, shi ke jin Larabcin masu gida. Dukkanmu babu mai takardar zama, wanda ya san garin nan ya san abin da nake nufi, ko burodi za ka saya sai ka waiga. A shantiye muke kwana, wato cikin ginin da muke yi, mu shimfiɗa kwalin tayil a ɗakin da aka fara sa wa ƙofa.

To mu 'yan ci-rani muna da wata al'ada, ranar Sallah a yi wanka a sa sabbin kaya, a tsaya gaban gidan da ake ginawa a ɗauki hoto a tura gida. Babu mai tura hotonsa da siminti a ka, uwarka ce fa za ta gani. Gidan da muke yi yanzu na wani babban mutum ne, bene ne mai ƙaton get, shi kuma ya tafi yin Sallah lambunsa a wani gari Silet ya bar mota ɗaya a gefe. Tabarau ɗaya muka riƙa karɓa-karɓa, hula ma haka. Ni da shegen iyayi sai na ɗauko makullan get na riƙe, na jingina da motar ina wani ɗaure fuska. Na tura wa Inna, mahaifiyata, ban ce gidana ba ne, ban kuma ce ba nawa ba ne.

Yayana kansila ne, yanzu kuma yana takarar ciyaman. Shi ya riƙe ni tun rasuwar Baba, ko da wasa ban taɓa musa masa ba. Akwai wani ɗan unguwarmu da ke aiki da wata jaridar Hausa ta intanet, ya shiga gaida Inna, ita kuma cikin murna ta nuna masa hoton autanta, har ta ce ya tura wa kansa ya ajiye. Ba a jima ba sai ga ni a shafin farko, an zagaye makullan nan da jan layi, an rubuta wai ƙanin kansila ya ƙera katafaren gida a Aljeriya da kuɗin rijiyoyin mazaɓa. Gidan rediyo ya karanta a sharhin jaridu, wanda bai iya karatu ba ma ya ji. Kowa ya san jaridar nan ta abokin hamayyar Yaya ce, shi ke riƙe da ita. A zaɓen da ya wuce, lokacin suna jam'iyya ɗaya, ita ce ke kiran Yaya garkuwar talakawa.

Na kira ɗan unguwar tamu ina huci, na ce ya ji tsoron Allah, ya san ni ya san gidanmu. Bai ma yi musu ba, ya ce shi ma ya yi zargin ba nawa ba ne, amma edita ya ce hoto ya isa hujja, kuma shi aiki aka sa shi, wai in yi haƙuri bayan zaɓe duk za a shirya. Na ce to su janye, ya yi dariya ya ce jaridarsu ba ta janye labari ana tsakiyar kamfen. Tun daga nan matasa suka je suka yi wa gidanmu ruwan duwatsu, sun rubuta ɓarawo a bango, 'ya'yan Yaya sun daina zuwa makaranta, shi kuma an ce masu bincike za su gayyace shi.

Yanzu ga inda na rasa yadda zan yi. Ubangidan Yaya a siyasa shi ma yana da tasa jaridar, su ne suka kawo mafita. Wai in yi bidiyo da kayan aiki a jikina, a gaban get ɗin nan dai, lambar gidan ta fito, in faɗi sunan mai gidan, in nuna inda muke kwana da abokan aikina don a tabbatar lebura ne ni. Na ce a rufe fuskata, suka ce za a ce haya aka yi. Na ce in yi murya kawai, suka ce murya ba ta yawo. Na lura ba ta ni suke ba, su ma abin da za su rama da shi suke nema. Yaya kuwa da na yi masa bayani sai ya hau ni da faɗa, ya ce ni na jawo, tunda na iya tsayawa da tabarau ai zan iya tsayawa da cebur. Daga baya ya sake kira muryarsa a sanyaye, ya ce bai taɓa roƙona komai ba sai wannan, abin da ya fi faɗan yi mini ciwo ke nan.

Shef ya riga ya ga labarin, har wayoyin 'yan Nijar ya iso. Bai ɗaga murya ba, ya zaunar da ni ya ce in bidiyon nan ya fita to mai gida zai shiga matsala don ya ɗauki marasa takarda, kuma kafin a taɓa shi mu za a fara kwashewa. Kamen nan ba labari ba ne a wurinmu, a zuba ku a mota a sauke ku cikin sahara kusa da iyaka, ku ƙarasa da ƙafa. Akwai wanda aka taɓa yi wa a cikinmu, har yau ba ya son a ɗauko maganar. Shef ya ce mutanen nan kowa da iyalin da ke jiran abin da zai aika, su ba su da kansila ba su da jarida. Ya ce ba zai kore ni ba, amma in tuna wa ya ba ni kwali ranar da na zo. Yanzu ko mota ce ta tsaya a bakin get sai in laɓe in leƙa, ban sani ba jandarma ne ko mai gida ne ya ga an raba shi da gidansa a jarida.

Abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto, ɗazu Inna ta kira ni. Ita har yanzu ba ta san daga wayarta abin ya fita ba, babu wanda ya iya gaya mata. Ta ce hassada ce kawai, ɗanta guminsa ya gina, kar in saurari kowa. Sannan ta ce tunda gari ya yi zafi ta riga ta yanke shawara, matar Yaya da yara za su taho wurina su zauna har a gama zaɓe, tunda Allah ya hore mini ɗakuna, har sun fara haɗa kaya. Ina tsugune a kan kwalina take wannan magana, na buɗe baki na ji na ce Allah ya kawo su lafiya.

Jama'a in yi bidiyon in wanke Yaya, a kwashe mutanen da suka rufa mini asiri? Ko in yi shiru a ci gaba da jifan gidan da uwata take ciki? In akwai ɗan jarida a nan ya gaya mini tsakani da Allah, akwai hanyar ƙaryata labari ba tare da an nuna get ɗin nan ba? Kuma ita Inna, da wane baki zan fara gaya mata kafin yaran nan su hau mota?