Mashin Hauwa'u Bai Kafe a Fako Ba

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Shirya Gasar Wasannin Makarantun Sakandare na Shiyyarmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali da abokan aiki.

Sunana Garba, sana'ata walda, rumfata tana Unguwar Shanu. Ni ba mutumin rubutu ba ne, hannuna ya fi sabawa da ƙarfe. Sau biyu ina zuwa ofishinka ana cewa kana taro, shi ya sa na rubuto a fili, don maganar ba gidana kaɗai ta shafa ba.

'Yata Hauwa'u tana cikin 'yan matan da suka yi jifan mashi a gasar Asabar ɗin makon jiya. Ukun farko ne za su wakilci shiyya a matakin jiha, ita kuwa ta zo ta huɗu. Da fin ta aka yi, wallahi da bakina alaikum, don wanda ya fi ka ya fi ka. Amma ina wurin, kuma gani ya kori ji.

Na farko, filin. Tankin ruwan makarantar da aka yi gasar yana yoyo, ruwan yana gangarowa ya jiƙa wajen da ke kusa da layin jifa, ƙasar ta yi laushi luɓus. Can gaba kuwa, inda yara ke buga ƙwallo kullum, fako ne ƙeƙasasshe, ko diga sai ta sha wuya. Ka ga ke nan mashin da ya faɗi kusa zai kafe, wanda ya yi nisa ba zai kafe ba.

Na biyu, hukuncin. Alƙalin da aka tsayar ya sanar tun farko cewa duk mashin da bai kafe ya tsaya a ƙasa ba, jifan banza ne. Hauwa'u ta yi jifa na farko, mashin ya wuce na kowa, tsininsa ya daki fako har ƙura ta tashi, sannan ya zame ya kwanta. Sai jar tuta. Ta yi na biyu, haka nan. Malama Rifkatu, malamar wasanninsu, wadda ita ma ta yi jifan mashi lokacin da take kwaleji, ta je cikin ladabi ta ce masa ƙa'ida ba ta ce sai ya kafe ba, in dai tsinin ne ya fara taɓa ƙasa, daga wannan shaidar ake awo. Ya ce shi dai haka ya sani, ta koma bayan igiya, kada ta ɓata masa lokaci.

Daga baya na ji ashe malamin lissafi ne, da safiyar ranar aka miƙa masa tuta da tef ɗin awo don hannu ya yi ƙaranci. Ban zarge shi da son kai ba, bai san 'yata ba balle ya ƙi ta. Rashin sani ne, wanda ya fi dare duhu. Amma ranka ya daɗe, wanda ya miƙa masa tutar fa?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne jifa na uku. Yarinya ta ga saura mata dama ɗaya, sai ta cilla mashin sama kamar mai kakkaɓo mangwaro, ya dawo ya kafe cak a cikin laka, nan kusa. Aka ɗaga farar tuta, mutane suka tafa. Ni kam kunya ta kama ni, don mafi munin jifanta ne aka tafa wa.

Da aka tashi, ni da Malama Rifkatu muka taka har fakon. Na fi shekara ashirin ina aiki da ƙarfe, na san tabon da tsini ke bari. Ga ramukan nan biyu, ƙanana, sababbi. Na auna da ƙafata, na kusa a cikinsu ya wuce inda aka kafa wa wadda ta zo ta farko alama da taku bakwai.

Saboda haka ga roƙona. A sake gasar 'yan mata kafin a miƙa sunaye jiha, a fili mai ƙasa iri ɗaya. Ba na neman a ƙwace kyautar kowa, yaran da suka ci ba su yi laifin komai ba. A tsayar da alƙali wanda ya san ƙa'ida, a kuma sa mutum can inda mashi ke sauka, idonsa a kan tsini. In ba a samu ba, a zaunar da malaman a koya musu tun da sauran kwanaki, ba a fafe gora ranar tafiya. Yoyon tankin kuwa, a kira ni, zan liƙe shi kyauta.

Hauwa'u shekara biyu tana atisaye da wani bututu da na gyara mata, a wani fili wajen Abakpa, bayan ta dawo daga Islamiyya. Uwarta ba ta so ba da farko, ni na lallashe ta. Shekaranjiya na tarar da yarinyar tana ta cilla bututun sama yana faɗowa kusa. Na tambaye ta wannan wane irin jifa ne, ta ce, “Baba, ai rage ƙarfi nake koyo, shi ake ba wa farar tuta.”

Na ce mata ta dakata, zan rubuta wa shugaba, shi zai ba ta amsa.

Allah Ya yi maka jagora, Ya ba ka ikon yin adalci, Ya albarkaci zuri'arka. Tana jira, ranka ya daɗe.

Wassalam.

Garba Mai Walda,
Unguwar Shanu, Kaduna.