Na ga sunan Mai Rijiya a kan wani kabari kusa da Lyon

Hajiya Ummukulthum, don Allah ki taimake ni da shawara. Ni ƴar Damagaram ce, karatu ya kawo ni Lyon, aiki ya riƙe ni.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Damagaram, kuma kakan kakarmu ne ya sari dajin, ya gina rijiya, mutane suka taru a kansa. Shi ya sa kowa ke ce masa Mai Rijiya. Bara da na je gida na ce a nuna mini kabarinsa. Aka kai ni makabarta, ba suna ko ɗaya, sai fasassun tukwane da itace da rairayi ya kusa rufewa. Tsofaffi biyu suka yi ta gardama, wannan ya nuna gabas, wancan ya nuna gindin gawo. Na dawo da ciwon abin a raina.

Tun daga nan na kama wata ɗabi'a da ƙawayena suke yi mini dariya a kanta: ranar Lahadi sai in shiga makabartun nan ina karanta duwatsu. Sai ki ga manomi da ɗansa da jikansa a jere, kowa da sunansa. Kishi nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

Ga inda matsalar take. Ɗan farin Mai Rijiya, wanda ake kira Dogo, shi ne mahaifin kakata Hassia. Turawa suka ɗauke shi soja lokacin yaƙin duniya na biyu, kakata tana cikin uwarta, ba a haife ta ba. Wasu sun dawo, shi bai dawo ba. Wani da ya dawo ya ce ya ji Dogo ya samu mace a ƙasar Nasara ya bar salla. Da wannan maganar kakata ta girma. Ɗiyar wanda ya bi Nasara, haka yara ke mata waƙa a bakin rijiyar kakanta. Har yau in an ambaci ubanta sai ta sunkuyar da kai.

Watan jiya na shiga wata makabartar sojoji a wajen gari. A ɓangaren Musulmi na ga dutse an rubuta Moutari Maïrigia, 1940, wato Mai Rijiya a rubutun Nasara. Na zauna a ƙasa na yi ta kuka. Idan shi ne, to bai gudu ba, bai bar addini ba, kashe shi aka yi yana saurayi, aka binne shi cikin Musulmi.

Amma ban san ko Moutari ne sunan Dogo ba, kuma ba wanda ya sani. Uwarsa ba ta taɓa faɗin sunan ba saboda kunyar ɗan fari. Matarsa ba ta faɗa ba saboda kunyar miji. Kakata ta ce ita tun da ta buɗe ido Dogo take ji. Su kuma masu rijiya ai sun cika ƙasar Hausa.

Yanzu kakata ba lafiya. Kawu Abba, babban ɗanta da ke jinyarta, ya ce abinci ma sai da lallashi. Yayana Rachidou, da ke kasuwanci a Sevran can wajen Paris, ya ce in buga waya in ce mata shi ne, ta tafi da farin ciki, wa zai tuhume ni? Ya ce boko ne ya sa mini taurin kai. Ni kuma ina tsoron in sa tsohuwa ta cika tana yi wa uban wani addu'a da sunan nata. Ina kuma tsoron in yi shiru ta tafi da wannan kunyar. Yaya zan yi?

Jikar Mai Rijiya, Rillieux-la-Pape

*

Ɗiyata, Allah Ya ba Kaka lafiya, Ya saka miki da wannan zumunci da kike yi da waɗanda ba ki taɓa gani ba.

Kada ki ga laifin Rachidou. Tausayi ne ya sa shi magana, kuma ya yi gaskiya a wuri ɗaya: lokaci ba ya wajenku. Amma kada ki ce mata shi ne alhali ba ki sani ba. Jita-jitar wani ce ta ɗaure matar nan tun tana yarinya, bai kamata a kwance ta da wata maganar da ba ta da tushe ba.

Sai dai ina ganin kin nemi sunan a inda ba mu ajiye shi. Mu ba a kan dutse muke barin sunan mamaci ba, jariri muke sa wa. Kin rubuto mini Kawu Abba kin wuce. Kin taɓa tambayar me ya sa ake ce masa Abba? Sau da yawa yaron da aka sa wa sunan kakansa ne ake sakaya sunan da Abba ko Baba, don kada a riƙa kiran sunan babba gatsau. Lokacin da aka haifi kawunki, akwai dattawan da suka san Dogo tun ranar sunansa, kuma su ne suka yi wa jaririn huɗuba. Ki kira shi yau ki tambayi sunansa na yanka. Kada ki tambayi Kaka, ɗan farinta ne, ba za ta faɗa ba. In shi ma takardunsa Abba suka ce, a nemi tsohon liman ko gidan wanzamai.

Ina gargaɗinki, ko ya ce Moutari ba ki samu tabbas ba, zato mai ƙarfi kika samu. In kuma wani suna ya faɗa, wannan bai tabbatar da maganar Nasara ba.

Ko ya ta kasance, ki kira Kaka cikin makon nan, ki faɗa mata abin da idonki ya gani, ba ƙari ba ragi. Ki ce mata akwai wuri a ƙasar da kike inda samarin da aka kwaso daga garuruwanmu suke kwance a matsayin Musulmi, danginsu ba su taɓa samun labari ba. Ki karanta mata abin da ke jikin dutsen, ki ce ba ki da tabbas. Ta fi ki sanin abin da za ta yi da shi. Tun da aka haife ta labari ɗaya tak aka ba ta a kan ubanta, kuma mugu ne. Kada ki bari ta tafi ba ta ji na biyu ba.

Allah Ya jiƙan Dogo a duk inda yake kwance, Ya jiƙan Moutari, Ya sanyaya zuciyar Hassia.

Hajiya Ummukulthum