Motar da Za Ta Kai Ni Wurin Inna

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da yaran duka. Mu ma nan lafiya lau, sai dai ciwon bayan nan nawa da kika sani, shi kam ya zama ɗan gida.

Saƙonki ya iso ta hannun Dogo direba. Takardar duk ta sha man dizal, amma ta karantu. Na ji abin da likita ya ce, cewa idon Inna na dama ya riga ya tafi, na hagun kuma yana rufewa a hankali, ba abin da zai tsayar da shi. Na kuma ji abin da ita ta ce, wai ba ta roƙon komai sai ta ƙara ganin fuskar autarta kafin ya rufe. Yaya, da na kawo nan a karatun sai na kifa takardar a cinya, na daɗe ban iya ci gaba ba.

Ki gaya mata muna nan tafe. Baban yara ya ce shi da kansa zai kawo ni. Kin tuna tsohuwar jif ɗin nan mai jan taya huɗu, wadda ya sayo matacciya aka turo ta cikin ɗakin bulo na bayan gareji? To ita ya tayar. Ya sauke injin, ya wargaza shi kaf a kan buhuna, ya wanke, ya canza abin canzawa, ya mayar. Ranar da ta tashi hayaƙi ya cika mana tsakar gida, shanyata duk ta ɗauki wari, shi kuwa ya kafa kunne a jikinta yana murmushi shi kaɗai. Wai in saurara in ji yadda take bugawa daidai. Ni dai ƙara na ji, amma na ce masa madalla.

Na ɗan taɓa masa maganar in bi Dogo, tunda shi yana shiga wajenku da kaya. Kallon da ya yi mini sai ka ce na zage shi. Ya ce matar bakanike guda a kan buhuna, da wannan bayan nawa, a hanyar da babu kwalta, babu gada, babu gareji? Shekara da shekaru yana tayar wa mutane motoci suna zuwa ganin iyayensu, ba zai kasa kai tasa matar ba. Na ga abin ya taɓa shi, sai na bar maganar. Ya ce ɗan ƙarashe ne kawai ya rage.

Ki gaida Inna, ki ce autarta tana hanya.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya jikin Inna, yaya idon? Allah ya ƙara sauƙi, ya ba ki ladan ɗawainiya.

Na san kin share ɗaki, kin gaji da leƙen hanya. Ba mu taso ba. Bari in gaya miki yadda abin yake, don ni ma sai yanzu na gane ciwon mijina, bayan duk zaman nan da muka yi.

Shi bakanike bai taɓa ganin motar da ta je lafiya ta dawo lafiya ba. Irin waɗannan ba sa biyowa ta garejinsa. Wadda ta mutu a daji aka jawo ta da igiya, ita kaɗai ya sani. Duk wadda aka jawo masa, sai ya duba abin da ya kashe ta, ya gyara wa mai ita, sannan ya goge hannu ya zagaya baya ya yi wa tamu rigakafin wannan cutar.

An kawo wata da ta sha ruwa a mashigin rafi, injin ya ƙame. Washegari na ga mai walda yana ɗora wa tamu wani bututu a gefe, ya miƙe har saman gilashi, wai ta nan za ta riƙa shaƙar iska ko da ruwa ya kai mata wuya. An kawo wata da aka zuba wa gurɓataccen mai a bakin hanya, sai ya ƙara wa tamu filtar tace mai ta biyu. Da ya sake tunani ya ce ai gara ma kada mu sayi mai a hanya sam, ya ɗaura tanki na biyu a ƙarƙashi. Dutse ya fasa wa wani bawan Allah cikin injinsa baƙin mai ya tsiyaye, tamu ta samu farantin ƙarfe a ƙarƙashin injin. Nauyi ya yi yawa, bayanta ya zauna, ya ƙara ganyen sifirin ya ɗaga ta sama. Da ta ɗagu sai tayoyin suka yi mata ƙanana, aka sa manya. Da aka sa manya ya ce yanzu injin zai wahala ya riƙa zafi. A halin yanzu babban lagireto na sanyaya injin muke jira.

Gidan ma ya zama reshen gareji. Babbar tukunyata ta tafi wankin ƙarafa, ba ta dawo ba. Tsofaffin zannuwana sun zama tsumman goge hannu. Abinci kuwa can nake kai masa, ƙafafunsa kawai nake gani sun leƙo daga ƙarƙashin mota, da su nake hira.

Jiya na ce masa, “Baban yara, idon Inna fa ba ya jiran lagireto.” Ya turo kansa waje, fuska duk baƙin mai, ya ce in mota ta tsaya da ni a tsakiyar daji, me zai gaya wa Inna? Na ajiye masa abincinsa na koma gida. Abin da ya fi gajiyar da ni ke nan, Yaya. Da mugunta ce da na san yadda zan yi faɗa da ita. To mutum ya rame, yatsunsa duk sun farfashe, kuma duk don ni yake yi. Da wane baki zan ce ya bari?

Kin ce yanzu sai kin matso kusa da taga take gane ki. Don Allah kada ki gaya mata zancen lagireto. Ki ce muna shiri.

Taki,
Auta

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yi haƙuri da rubutun, hannuna ma ya gaji.

Mota ta kammalu. Wallahi ta kammalu, har na ɗaure kaya, na sallami maƙwabta. Kin san me ya hana mu fita? Ƙofa.

Lokacin da aka turo ta ɗakin nan ƙasa-ƙasa take, tayoyinta a lotse. Tun daga ranar ba ta taɓa leƙa waje ba, a nan yake tayar da ita yana saurare yana kashewa. Ya auna zafin injin, ya auna ƙarfin birki, ya auna har man da za ta sha, amma bai taɓa ɗaga kai ya dubi saman ƙofa ba. Ga ɗagawar da ya yi mata, ga manyan tayoyi, ga kuma kariyar ɗora kaya da ya sa a sama. Kariyar ma ba da noti ya ɗaure ta ba, walda ya yi mata a jikin bodi, don ya taɓa ganin wata da notinta ya kwance ta zubar da kayan mutane a hanya. Ya ja mota a hankali, ina zaune a gaba da jakata a cinya, sai muka ji ƙarau. Kankaren saman ƙofa ya tare ta.

Mai walda ya yi dariya har da riƙe ciki, da ya ga fuskar Baban yara sai ya haɗiye sauran. Aka sace wa tayoyi iska. Aka kirawo maƙwabta, duk wani mai jiki a layinmu ya shigo ya zauna don ta danne. Sifirin ɗin da ya ƙara mata ya ƙi lanƙwasuwa, ai don kada ya lanƙwasu aka sa shi. Saura ɗan abin da bai fi yatsu ba, amma ta ƙi wucewa. Kankaren nan shi ke riƙe da rufin, ba ya fasuwa haka kawai. Sai dai a haƙa daɓen ƙasa, shi ma sai an nemo magini.

Duk wannan ban yi kuka ba. Abin da ya karya ni daga baya ya zo. Mutane sun watse, yana tsugune yana kallon tayar da aka sace wa iska, sai na ji ya ce, “Kin ga, ashe ma ba mu da famfon iska a motar. In haka ta faru a hanya fa?” Na tashi na ɗauki jakata na koma ɗaki.

Hadari ya fara haɗuwa a nan. Dogo ya ce daga wannan zuwan sai guda ɗaya zai ƙara, in ruwa ya sauka rafukan sun rufe hanya ke nan sai bayan damina. Na ce ya ajiye mini wuri a gaba. Ban gaya wa Baban yara ba tukuna, ina neman yadda zan faɗa.

Ki riƙe mini Inna.

Ƙanwarki,
Auta

*

Zuwa ga maigidana, Baban yara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, yaya aiki, yaya gida? Ina fatan kana cin abinci a zaune, ba a kwance ƙarƙashin mota ba. Na iso lafiya. Dogo zai kawo maka wannan a komowarsa.

Na gode da ba ka hana ni bin Dogo ba, na kuma gode da rakiya. Na ga lokacin da ka zagaya motar Dogo kana taɓa notin tayoyinta ɗaya bayan ɗaya, kana tsammani ban gani ba. Kujerar da ka ciro daga jif ka ɗaura mini ta taimaki bayana ƙwarai. Na so ka ce wani abu kafin mu tashi, amma na san abin da ya yi maka nauyi, ban riƙe ka ba.

Da ka ga tafiyar da ba ka yi barci ba. Ƙofar gefena da igiya aka ɗaure ta. Motar ta tafasa a hanya, Dogo ya ɗebo ruwan rafi da bokiti ya zuba mata. Mai kuwa da hularsa ya tace shi. Mun maƙale a yashi, fasinjoji suka sauka suka tura. Haka dai, da tari da hayaƙi, ta kawo mu.

Na sami Inna zaune a bakin taga, Yaya ta yi mata wanka ta sa mata kaya masu kyau. Da na yi sallama ta miƙo hannu, na durƙusa a gabanta inda haske ya fi yawa. Ta riƙe fuskata da hannu biyu, ta daɗe tana kallona. Ta ce Alhamdulillahi, ta ga autarta. Ta ce ban canza ba ko kaɗan. Sannan ta shafa kafaɗata ta ce, “Kai, wannan shuɗin mayafi ya yi miki kyau.”

Baban yara, jan mayafin nan ne a jikina, wanda ka saya mini.

Na dubi Yaya, ta sunkuyar da kai. Daga baya ta gaya mini tun kafin wasiƙata ta ƙarshe ta iso idon ya rufe, Inna ce ta hana a faɗa, wai kada in fasa zuwa, kada kuma a ɗora maka laifi. Ni ma ban nuna wa Inna na gane ba. Na ce mata na gode, ai saboda ita na zaɓo shuɗin.

Ta tambaye ka. Ta ce in gaya maka tana sa maka albarka, wai ta ji irin wahalar da kake sha a kan motar.

Ba faɗa na rubuto in yi maka ba, ba ni da ƙarfinsa. Zan zauna a nan har ruwa ya ɗauke. Zancen magini, kada ka takura kanka. Ka yi daɓen a hankali, ka sa famfon iskar, ka sa duk abin da ka ga ya rage. Yanzu babu sauri.

Ka gaida mai walda da maƙwabta.

Matarka,
Auta