Igiyar Malam Bala

Laraba, bayan isha'i

Na gaji liƙis, amma murna ta hana ni kwanciya. Mako uku ina koya wa ɗaliban digiri na biyu yadda kwamfuta ke gano iyakar da ta kewaye tarin ɗigo. Ina cika allo da lissafi, su kuwa sai kallo. Ɗaya daga cikinsu, Malam Bala, mai zuwa daga Augie a kan babur, har ya karɓo takardar barin kwas ɗin. In ya tafi saura huɗu, sashe zai rufe mana ajin.

Yau na bar allo. Na fitar da su fili, na kakkafa turaku goma sha biyu barkatai, na ce a kewaye su duka da igiya mafi gajarta. Wata ɗaliba, Rahila, ta zaro biro tana lissafi. Malam Bala kuwa ya ɗaura igiya a turken can gefe, ya ja ta yana juyawa har ta taɓa na gaba, sannan na gaba.

Ya ce, "Malama, ai hakanga mukan yi ma albasa shinge saboda awaki. Turken ciki ba ruwanmu da shi."

Na ce masa dabarar da nake ta rubutawa ke nan. Sai ya ce, "Wagga ɗin? To mi ya hana ki faɗi tun farko?"

Sai na yi dariya. Da muka koma aji ya nemi takarda ya rasa, sai ya juya ta barin kwas ɗin, ya fara rubuta matakan a bayanta.